Ɗa Na Kowa Ne, To Wa Ke Da Ikon Ɗauke Shi?

A gidan hayar da na taɓa zama a nan Kamsaoghin, bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da na wata mata mai sayar da abinci. Tana riƙon wata yarinya da ba za ta wuce shekara goma ba, 'yar ƙaninta ce, aka kawo mata daga ƙauye don ta taya ta aiki, ita kuma ta sa ta makaranta. Kullum kafin assalatu, ina shirin fita aikin safe a gidan rediyo, sai in tarar da yarinyar a tsakar gida tana kankare tukwane cikin duhu. Makaranta dai ban taɓa ganin ta je ba. Da dare kuma in an tashi daga kasuwa aka ƙirga kuɗi aka ga dala biyar ta ɓace, sai a rufe ƙofa, sai mu ji saukar wayar wuta a jikin mutum. Mu goma sha wani abu ne a gidan nan, kowa yana ji, kowa sai ya ƙara muryar rediyonsa.

Akwai lambar waya a ƙasar nan, 116, wadda aka buɗe tun 2011 domin kai rahoton cin zarafin yara, kuma kyauta ake kiranta. Ni da bakina na sha karanta sanarwarta ga masu sauraro. Amma wata huɗu ina jin kukan yarinyar nan ban kira ba. Abin da ya hana ni kira shi ne nake so mu tattauna, domin na san ba ni kaɗai ba ne.

Dalili na farko kowane ɗan Zango ya san shi. A wajenmu wanda ya jawo hukuma cikin gida ya yi abin kunya, ko da shi ke da gaskiya. Sunansa munafuki, kuma sunan zai bi 'ya'yansa. Dalili na biyu ya fi wannan nauyi: ina tambayar kaina, in sun zo sun ɗauke ta, ina za su kai ta? Hannun wa za ta faɗa? Uwar riƙonta mugun hali gare ta, amma jininta ce, ta san ubanta, ta san hanyar garinsu. Tsoro nake kada in fitar da yarinya daga wutar da nake gani in jefa ta cikin wadda ban sani ba.

Tambayar ke nan a taƙaice. Yaushe ne ya halatta hukuma ta shiga tsakanin yaro da mutanensa?

Bahaushe ya ce ɗa na kowa ne. Muna faɗin wannan magana ne idan muna so mu tsawata wa ɗan maƙwabci, ko mu ba shi abinci ba tare da an tambaye mu dalili ba. Kuma gaskiya ne mu ba baƙin raba yaro da mahaifiyarsa ba ne. Ana kai yaro yaye gidan kaka, wani daga can ba ya dawowa. Ɗan fari kuwa sau da yawa kakanni ke rainonsa saboda kunya. Wadda ba ta haihu ba 'yar'uwarta kan ba ta riƙo. Uba kan ɗauki ɗansa mai shekara bakwai ya danƙa wa malami, malami ya yi gabas da shi. Duk waɗannan rabuwa ce, amma ba ma kiransu ƙwace, saboda yaron yana tafiya ne daga hannun da aka sani zuwa hannun da aka sani, kuma in abu ya ɓaci akwai wanda za a riƙe. Abin da ke tayar mana da hankali game da hukuma shi ne ba ta da fuska. Ba surukar kowa ba ce, ba za ka haɗu da ita wajen suna ko jana'iza ba balle ta ji kunyarka.

Wannan tsoron yana da tushe, kada wani ya ce jahilci ne. A ƙasar Ostireliya an shafe shekaru da dama gwamnati tana kwashe 'ya'yan 'yan asalin ƙasar daga hannun iyayensu da sunan wayar da su, sai a watan Fabrairu na 2008 Firaminista Kevin Rudd ya tsaya gaban majalisa ya nemi gafara. A Kongo ta zamanin mulkin mallaka an riƙa raba 'ya'yan da Turawa suka haifa da matan ƙasar daga iyayensu mata, ana kai su gidajen marayu alhali ba marayu ba ne. Beljiyam ta nemi gafara kan haka a 2019, kuma a watan Disamba na 2024 wata kotun ɗaukaka ƙara a birnin Brussels ta yanke cewa laifi ne na cin zarafin bil'adama, bayan wasu mata biyar da abin ya shafa sun kai ƙara suna tsofaffi. Kusa da mu ma, a 2007 an kama 'yan ƙungiyar Arche de Zoé a garin Abeche na Chadi suna shirin ɗaga yara 103 zuwa Faransa a matsayin marayun Darfur, bincike ya nuna akasarinsu suna da iyaye a raye. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya ce ya zo cuta ne. Dukkansu cewa suka yi sun zo ceton yaro. Saboda haka duk lokacin da mai ƙarfi ya ce "don amfanin yaron ne", talaka yana da hujjar buɗe ido.

Mu 'yan Zangon Wagadugu kuma muna da namu tabon. A 2003 aikin ZACA ya rushe Zangwetin da wasu unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, har da wani ɓangare na Kamsaoghin, aka mai da mutane Nioko da gefen Waga 2000. Ina yaro a lokacin. Abin da na fi tunawa da tsohuwar unguwa shi ne babu yadda za a yi a daki yaro dukan kawo wuƙa ba tare da wata tsohuwa ta ɗaga labule ta shigo ba sallama ba. Tsofaffin nan su ne hukumar kare yara ta Zango, ba albashi, ba ofis. Da aka watse, kowa ya koma bayan katangarsa, maƙwabcinka ba ka san kakansa ba, shi ma bai san naka ba. Gidan hayar da na ba da labarinsa irin wannan gida ne. Mun gaji ƙin kai ƙara daga iyayenmu, amma ba mu gaji tsohuwar da ke sa kai ƙarar ya zama ba dole ba.

To, idan tsoron hukuma yana da hujja, shin iyaye ke nan suna da ikon yin yadda suka ga dama? A nan ne nake ganin da yawanmu muke kuskure, kuma muna jingina kuskuren ga addini alhali addini bai ce haka ba.

Wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san babin raino. A mazhabar Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin rainon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. In uwa ta rasu ko ta auri wani, raino ya koma ga kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, in babu dangin uwa sai 'yan'uwan yaron mata da gwaggonni, sannan dangin uba maza. A cikin Mukhtasar na Khalil kuma an jero sharuɗɗan mai raino: ya zama mai hankali, mai iya ɗaukar nauyin, mai amana, kuma wurin da zai ajiye yaron ya zama amintacce. Wanda ya rasa sharaɗi, alƙali na iya karɓe yaron ya ba na gaba da shi a jeri. Abu biyu ke cikin wannan. Na ɗaya, tun fiye da shekara dubu malamanmu sun yarda cewa ana iya karɓe yaro daga hannun uwar da ta haife shi. Ɗa amana ne, ba dukiya ba ce, kuma wanda ya ci amana ana karɓe ta. Na biyu, da aka karɓe, ba a yi nisa da shi ba. An bi jini mataki-mataki, daga mafi kusa da zuciyar yaron zuwa na bayansa. Sai yaron da aka tsinta ba a san kowa nasa ba ne yake zama nauyin jama'a gaba ɗaya, kuma tun zamanin Sayyidina Umar ana ciyar da irinsa daga baitulmali.

Abin mamaki, dokokin zamani ma kusan nan suka tsaya. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 9, ta hana raba yaro da iyayensa ba da sonsu ba, sai in hukumar da ke da hurumi ta tabbatar rabuwar ce maslaharsa, kuma da damar kotu ta sake duba hukuncin. Ƙa'idojin da Majalisar ta amince da su a 2009 kan rainon yaran da ba sa hannun iyayensu sun ƙara da cewa talauci shi kaɗai ba hujja ba ce ta karɓe yaro, alama ce ta cewa gidan yana bukatar tallafi. A nan Burkina, dokar da aka kafa a watan Mayu na 2014 kan kare yaron da ya saɓa doka ko yake cikin haɗari ta ɗora wannan hukunci a wuyan alƙalin yara. Ke nan a rubuce ba mu da saɓani da kowa. Rigimar tana wajen aiki.

Mu ɗauki misalin da kowa ya gani da idonsa. Ƙidayar da gwamnati ta yi a 2016 ta samu yara da matasa sama da 9,000 suna rayuwa a titunan biranen ƙasar nan. A watan Agusta na 2018 ma'aikatar kula da mata da iyali, ƙarƙashin minista Laurence Ilboudo-Marchal, ta fara kwashe yara da mata daga titunan Wagadugu, ana kai su cibiyar karɓa ta Somgande. Cikinsu akwai garibu masu jan gwangwanin tumatir, akwai yaran da suka gudo daga gida, akwai iyayen tagwaye da ke zama bakin danja da jarirai cikin rana da hayaƙin babura. Na buɗe layi kan batun a shirina, wayoyi suka yi ta shigowa. Rabin masu kira suna cewa Allah Ya saka, rabi suna cewa yaƙi ne da karatun allo. Wani dattijo ya ce mini, "Ɗana, ni ma da gwangwani na yi karatu, ga shi yau ina limanci." Na ce, "Baba, Allah Ya ƙara girma. Amma ku nawa kuka fara, ku nawa kuka sauke?" Ya yi shiru, sannan ya ce sauran Allah Ya san inda suke.

Ni a ganina kuskure ne a zuba waɗannan yara a kwando ɗaya. Garibun da ke bakin danja ƙarfe goma na dare, ba hukuma ce ta raba shi da uwarsa ba. Ubansa ne ya raba su, tun ranar da ya miƙa shi ba tare da ko tiya ɗaya ta hatsi ba, ya shekara uku bai leƙo ba. Wanda ya ɗauke wannan yaro ya nemo gidansu, mai da shi ya yi, ba ƙwace ba. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara ta 1990 ma ta hana amfani da yara wajen bara. Kuma malaman kirki da na sani, masu noma da almajiransu su ciyar da su, su ne suka fi kowa jin haushin masu ƙayyade wa yaro kuɗin da zai kawo kullum. Amma uwar tagwayen da ke rungume da 'ya'yanta, ita tana tare da su, yunwa ce ta fito da ita. In ka raba ta da su ka hukunta ta ne a kan talauci. Abin da take bukata jari ne da wurin kwana.

Sannan akwai tambayar da ba a cika yi ba: bayan an ɗauke, sai me? A Senegal, Shugaba Macky Sall ya ba da umarnin kwashe yara daga titi a ƙarshen watan Yuni na 2016. An ɗauki sama da 1,500 cikin shekarar farko, amma ƙungiyar Human Rights Watch ta ruwaito a 2017 cewa fiye da 1,000 an mayar da su ga malaman da suka turo su bara. A Najeriya, lokacin annobar korona a 2020, gwamnonin Arewa sun yi ta loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, daga Kano zuwa Katsina, Jigawa da Kaduna, wasu aka same su da cutar bayan sun isa. A 2022 an kwaso 'yan Nijar masu bara daga Dakar a jirgin sama, mata da yara, da yawansu 'yan Kance da Magariya. A nan gida kuwa, duk wanda ya bi titin Kwame Nkrumah yau ya san ba a rabu da yara masu bara ba, balle da rashin tsaro ya raba mutane sama da miliyan biyu da gidajensu zuwa 2023. Ruwa ba ya tsami banza. Yaron da aka mayar gidan da babu hatsi zai dawo titi kafin kaka, kuma wannan karon ya koyi gudu in ya hango motar hukuma.

Shi ya sa nake ganin ma'aunin da za mu auna kowace irin ɗauka da shi ba shi da wuya. A tambaya, daga me aka ɗauke shi: daga cuta, ko daga idon baƙi masu zuwa taro? In don a tsabtace titi ne, to yaron an ɗauke shi a matsayin shara. A tambaya, ina aka kai shi: an nemi kakarsa da innarsa da gwaggonsa tukuna, ko kai tsaye aka wuce da shi ɗakin kwanan yara hamsin da ma'aikaci ɗaya? Cibiya komai kyanta masauki ce, ma'aikaci yana da lokacin tashi, uwa ba ta da shi. A kuma tambaya, akwai hanyar komawa? Uwar da aka karɓe wa ɗa tana da haƙƙin ta san inda yake, ta gan shi, a gaya mata da harshen da take ji abin da za ta gyara a mayar mata da shi, kuma ta samu alƙalin da zai saurare ta ko ba ta jin Faransanci. Yaron ma a tambaye shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ɗan shekara goma ya san hannun da ke dukansa da wanda ke ba shi tuwo.

Na san wani zai ce duk wannan dogon Turanci ne, yaro yana ƙonewa kana lissafin gwaggonni. Gaskiyarsa. Akwai halin da ba a jira: yarinyar da ake lalatawa a cikin gida, yaron da aka ɗaure da mari, jaririn da ake hana abinci. A irin wannan a fara fitar da shi, a yi shawara daga baya, kuma duk wanda ya ce a rufa asiri ya zama abokin laifi. Asirin da ake rufawa na babba ne, wanda ke biyan kuɗinsa yaro ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, haka ne, amma ba a ce ka ƙi kai shi wajen mai magani ba.

Bari in koma ga yarinyar gidanmu. Wata safiya na gan ta tana wanke-wanke da hannu ɗaya, ɗayan an naɗe shi da tsumma. Na tambaye ta, ta ce faɗuwa ta yi. Matata ta kwance tsumman, muka ga shatin ludayi mai zafi. Ranar ban iya karanta labarai daidai ba. Bayan la'asar na samu limamin masallacinmu na ce, "Baba Liman, akwai maganar da ta fi ƙarfina." Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Tun yaushe?" Na ce wata huɗu. Bai ce mini komai ba, kallona kawai ya yi, kuma har yau na fi jin zafin kallon nan a kan zagi. A daren ya aika matarsa da wata tsohuwa suka ɗauko yarinyar ta kwana gidansa. Aka yi wa ubanta waya. Liman ya gaya wa uwar riƙon a gaban shaidu cewa in ta yi gardama shi da kansa zai kira hukuma. Kwana uku kakar yarinyar ta wajen uwa ta iso ta tafi da ita. Matar ba ta sake amsa gaisuwata ba har na bar gidan.

Ana iya karanta labarin nan a ce, ka gani, mun gyara abinmu ba tare da hukuma ba. Ni ba haka na karanta shi ba. Abin da ya sa matar ta saki yarinyar shi ne ta san akwai hukuma a bayan maganar liman. Kuma da liman irin masu cewa a yi haƙuri ne, da wajibina ne in kira 116 a daren, ko Zango duka za ta daina gaishe ni. Unguwa da hukuma kowanne yana bukatar ɗayan: unguwa ce ke da ido da sanin dangi, hukuma ce ke da sandar da mugu yake tsoro. Inda aka rasa ɗaya, yaro ne ke shan wuya.

Abin da ban samu amsarsa ba shi ne wata huɗun nan. Na ɓata su ina auna haɗarin hukuma da haɗarin gida, kamar mai shirya muhawara, alhali tsakanina da ƙofar liman taku ɗari ne. Yarinyar yanzu ta isa aure, in tana raye, kuma tabon yana hannunta. In har ɗa na kowa ne, to kukansa ma na kowa ne, kuma wanda ya fara ji shi aka fara tambaya.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar da Ya ba mu, ta cikinmu da ta maƙwabtanmu.